Na yi aikin nas a Kano da Saudiyya da Ingila, ga yadda lissafin yake

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni nas ce, haifaffiyar Kano, a can na yi karatun jinya kuma a can na fara aiki, a 2018 na tafi Saudiyya, tun ƙarshen 2022 kuma muna Ingila a garin Bradford ni da maigidana da yaranmu uku. Abin da ya sa na zauna rubutun nan tambaya ce guda ɗaya da ta ishe ni, duk ƙanwa ko ƙawar da muka yi makaranta tare in ta kira ni sai tace don Allah tsakaninki da Allah ina ya fi, nawa suke biya, kuma kafin in rufe baki ta riga ta danna waya ta mayar da kuɗin naira ta fara salati. To wannan mayarwa nairar ita ce take ruɗar mutane, don ba a Kano nake biyan haya ba, ba kuma a kasuwar Rimi nake cefane ba.

Bari in fara da gida. A 2017 albashina bai kai dubu 80 ba, maigidana kuma malami ne a wata sakandare mai zaman kanta yana haɗawa da lesin na yamma. Hayar gidanmu, ɗaki biyu da falo, dubu 250 a shekara, fetur naira 145 lita, buhun shinkafa bai kai dubu 20 ba. Ba ma cikin wadata amma ba ma kwana da yunwa, adashe ne yake biya mana haya, in wata ya yi nisa a koma wake da shinkafa da mai da yaji. Abin da a lokacin ban taɓa sakawa a lissafi ba shi ne gidan Hajiyarmu yana bayan layinmu, in ina da aikin dare sai dai in goya ƙaramin in riƙo hannun babbar in miƙa su, ko sisi ba na biya, da safe in zo in tarar an yi musu wanka an ba su koko da ƙosai har ni ma an ajiye min nawa. Abin da ya kore ni ba albashi kaɗai ba ne, yanayin aikin ne. Na sha karɓar haihuwa da fitilar waya a baki saboda an ɗauke wuta kuma babu man janareta, na sha rubuta wa 'yan uwan mara lafiya su je su sayo safar hannu da sirinji da ruwan ƙari alhali jini yana zuba, kuma in abu ya lalace nas ake zagi. Ka koma gida jikinka duk a mace kuma ka san wata goma masu zuwa ma haka za a yi.

Wata babbarmu a wurin aiki ce ta fara tafiya Saudiyya ita ta nuna min hanya. Aka tantance takarduna ta kamfanin DataFlow, na rubuta jarabawar samun lasisin aiki ta Prometric, na sayar da sarƙar aurena na cika kuɗin eja, aka tura ni Buraida a yankin Ƙasim. Garin dabino ne, lokacin kakarsa kasuwar dabinon garin sai ka rantse duk dabinon duniya nan aka tara, kuma zafi ne na gaske, da rani rana tana haura digiri 40 kamar wasa, da sanyi kuma ya zo ya fi na hunturun Kano cizo.

Albashina riyal 4,500 ne da farko. A lokacin dala tana wajen naira 360, riyal ɗaya kusan naira 96, kenan sama da dubu 400, ninki biyar na abin da nake karɓa a gida. Amma ba yawan ne abin mamakin ba, abin mamakin shi ne kusan duka yana zama a hannunka. Ba a cire harajin albashi, masauki na asibiti ne, wuta da ruwa da esi duk kyauta, bas ce take kai mu aiki ta dawo da mu, kuma ita take kai mu kanti sayayya ranar da aka ware. Duk shekara akwai tikitin zuwa gida. Cefanena na wata ba ya wuce riyal 500 ko 600, gurasarsu riyal ɗaya, kaza da shinkafa da nono duk da sauƙi, har bayan da suka ɗaga harajin kaya daga kashi 5 zuwa 15 a watan Yulin 2020 ban ji a jikina sosai ba. Ina iya ajiye riyal 3,500 a wata ba tare da na takura ba. Da kuɗin Saudiyya na sayi fili, na saya wa maigidana mota, na kai Hajiya Umara, na aurar da ƙanwata, ni kaina na sauke farali a 2019 a matsayin mazauniyar ƙasar da kuɗin da ko kusa bai kai na kujerar Najeriya ba, ita kuwa kujerar nan a 2025 ta haura naira miliyan 8. Umara kuwa in muka samu hutun kwana biyu sai mu haɗa kuɗin mota mu tafi. Wallahi har gobe in na tuna sallar asuba a Madina sai in ji kamar in tattara in koma.

Toh amma me na biya? 'Ya'yana na biya. Kwantiragina na mutum ɗaya ne, ba a yarda ki kawo iyali masauki ba, in kuma kika ce za ki kama haya a gari ki kawo su to akwai kuɗin da gwamnati ta ɗora a kan kowane ɗan rakiya tun 2017, ya fara da riyal 100 a wata ya dinga hawa har ya kai 400 a 2020, miji da yara biyu riyal 1,200 kenan duk wata kafin haya, kafin makarantar kuɗi, kafin inshora, kinga ribar ta tafi. Na bar babbar tana shekara huɗu, ƙaramin shekara ɗaya da rabi, sai da na yaye shi da wuri saboda tafiyar. Da korona ta zo aka rufe jirage a Maris 2020, hutuna ya wuce ban je ba, muna ta fama da marasa lafiya cikin rigar leda, da na samu na je gida daga baya yaron nan ya ɓuya a bayan ƙanwata yana leƙena, ita yake kira Mama, ni kuma aka tambaye shi wacece wannan yace Antin waya ce. Kowa a falon ya yi dariya har da ni, amma da daddare ban yi barci ba. Sati biyu yana ƙin cin abinci a hannuna, ya fara sabawa kenan hutun ya ƙare.

Sannan akwai zaman kansa. Masauki ne mai ƙofa da mai gadi da lokacin dawowa, mace da aurenta da 'ya'yanta amma sai ta sa hannu a littafi kafin ta fita. Albashi kuma fasfo yake bi, ni da wata 'yar Filifin da wata 'yar Indiya daga Kerala aikinmu ɗaya da wadda ta zo da fasfon Turai amma nata ya ninka namu, kowa ya sani ba wanda yake magana. Akwai marasa lafiyan da za su yi miki addu'a har ki yi ƙwalla, akwai kuma wanda zai kalli fatarki yace a kira masa wata. Babban abin shi ne ko shekara talatin ka yi baƙo ne kai, iƙamarka, wato takardar zamanka, tana hannun mai aikinka, ranar da kwantiragi ya ƙare sai ka haɗa kayanka. A Makka na haɗu da Hausawan da a can aka haife su, Larabci a bakinsu kamar me, amma kullum cikin zullumin takarda suke. Wannan ya sa na fara tunanin inda zan zauna da yarana a ɗaki ɗaya ko da kuɗin bai kai ba.

A Buraida na yi karatun jarabawar Turanci ta OET tsakanin aiki da aiki, na yi ta kwamfuta ta hukumar nas-nas ɗin Birtaniya, na nemi aiki da kaina tunda ba a yarda su zo Najeriya ɗibar ma'aikatan lafiya ba, sai dai kai ka nema. Allah Ya taimake ni bizar ma'aikatan lafiya ba a biyan kuɗin lafiyar nan da sauran baƙi suke biya, wanda a 2024 ya kai fam 1,035 a shekara kan kowane babba, in ba haka ba da ban san yadda za mu yi ba. Duk da haka kuɗin biza da gwajin tarin fuka da tikitin mutum huɗu da kuɗin ajiya na haya sun cinye motar maigidana da sauran abin da na tara. Maigidan da farko ba ya so, abin da ya karya masa gwiwa da zaman gida harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ne na Maris 2022, yana yawan bin hanyar, daga ranar ya daina musu.

Na sauka a daidai lokacin da su kansu Turawan suke kuka. Hauhawar farashi ta kai kashi 11.1 a Oktoban 2022, kuɗin gas da wuta ya yi tashin gwauron zabi, kuma a Disamba nas-nas suka shiga yajin aiki kan albashi, ni da na baro yajin aiki a gida nazo na tarar da shi a nan da kwalaye da komai. Albashin matakin da ake fara ɗaukar nas a shekarar fam 27,055 ne a shekara. In ka faɗa wa mutumin Kano haka sai ya riƙe baki. To ga yadda yake narkewa. Kafin ya shigo hannunka an cire haraji kashi 20 na duk abin da ya haura fam 12,570, an cire inshorar ƙasa, an cire fansho, abin da yake faɗowa asusuna wajen fam 1,800 ne, in na yi dare da Asabar da Lahadi ya ɗan haura 2,000. Haya fam 750 a wata, kuma wannan don Bradford ce, a Landan kuɗin nan ɗaki ɗaya zai ba ka a gidan haɗaka. Harajin kansul wajen 130, shi wannan ko haya kake sai ka biya, na kwasar shara da su fitilar titi ne. Gas da wuta lokacin sanyi suna kai 200. Ruwa, intanet, layin waya, bas, har talabijin sai ka biya mata lasisi duk shekara. Abinci in an matse 450. Ki haɗa ki gani me ya rage. Watan farko da na zauna da biro da takarda sai na ga abin da nake ajiyewa a Buraida a wata ɗaya a nan sai in yi wata huɗu ban ajiye shi ba, ashe hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Maganar hita ita kaɗai labari ce. Gidan tsohon gini ne na dutse irin na jere ɗin nan, sanyi yana ratsa bango, bango yana yin baƙin danshi a bayan kwaba. Akwai wani ɗan allo da kamfanin wuta yake ba ka yana nuna kuɗin da ka ci a ranar, maigidana ya ajiye shi a kan firji ya zama kamar shi ne mai gidan, in ya wuce sai ya leƙa, in yaga ya haura fam shida kafin la'asar sai kaji yace a kashe hitar nan kowa ya saka rigar sanyi. Yara suna yawo a falo da safa biyu da hula. Mutumin da a Kano faɗansa kullum a kan an ɗauke wuta, yau ga wuta awa ashirin da huɗu ba ta ko ƙiftawa amma shi da hannunsa yake kashewa. Ga duhu, a Disamba kafin ƙarfe huɗu na yamma an yi magariba, in fita aiki da duhu in dawo da duhu, azahar da la'asar da magariba duk a cikin shifti ɗaya suke faɗowa. Da bazara kuma isha'i sai wajen sha ɗaya na dare, asuba kafin uku, yara su ƙi barci don rana tana waje.

Shi maigidan shi ya fi kowa biyan kuɗin zuwan nan, kuma ba a cika faɗar wannan ba. Mutum ne da in ya fito unguwa ake ce masa Malam, ɗalibai suna rige-rigen karɓar jakarsa, yazo nan takardunsa ba su ba shi aji kai tsaye ba, ya ƙare a rumbun ajiyar kaya yana ɗaga kwali da dare a kan mafi ƙarancin albashi, fam 10.42 a awa a 2023, ya koma 11.44 a 2024, sannan 12.21 a 2025. Kuma dole ya yi, don albashi ɗaya ba ya riƙe gida a ƙasar nan. Muka tsara in ina aikin rana shi yana dare, saboda ba a barin ƙananan yara su kaɗai a gida, maƙwabci ɗaya ya buga waya sai ka tsinci kanka kana amsa tambayoyin jami'an kula da yara. Akwai lokutan da a bakin ƙofa kawai muke haɗuwa, ina shigowa yana saka takalmi, yace akwai miya a firji, an ba yaro magani, sai da safe. Shi yake kai su makaranta, ya koyi kitson kalba biyu, ya koyi tuwon semo. Ranar da mahaifiyarsa ta kira ta bidiyo ta gan shi da ludayi a hannu ta yi shiru ta yi shiru sannan tace Allah Ya kyauta, ni dai ina gefe ban ce uffan ba. Sanyin farko ya rame ya daina hira, sai da ya samu wasu 'yan Arewa da suke haɗuwa bayan Juma'a sannan ya dawo daidai. Lasin tuƙinsa ma na Najeriya shekara ɗaya kawai aka yarda ya yi amfani da shi, sai da ya sake jarabawa kamar sabon ɗan koyo, da ya sayi 'yar tsohuwar mota kuma inshorarta ta shekara ta kusa kai kuɗin motar.

Kar in yi wa ƙasar rashin adalci. Makarantar yara kyauta ce, kuma makaranta ce ta gaske, ƙaramin nan da yake da matsalar magana su suka gano suka haɗa shi da mai koya masa ba tare da na biya ko fam ɗaya ba. Babbar tana da asma, a Kano duk hunturu sai mun kwana asibiti, a nan maganinta kyauta ne. Da na haihu a 2024 tiyata aka yi min, daga awo har sallama ban ciro ko kwabo ba, kuma aka ba ni hutun haihuwa, sati takwas da cikakken albashi sannan sati goma sha takwas da rabin albashi da ɗan ƙari. A wurin aiki in na buɗe kwaba akwai safar hannu, akwai magani, in na danna ƙararrawa likita zai zo. Ina fita ƙarfe shida na safe in tsaya jiran bas ni kaɗai ba na waige-waige. Amma ganin likitan unguwa sai ka kira ƙarfe takwas daidai ka shiga layin waya, in ka makara da minti goma ace sai gobe, likitan haƙori kuwa mun fi shekara muna nema. Kuma a Agustan 2024 da aka yi tarzomar ƙin baƙi a garuruwa irin su Rotherham da Middlesbrough da Hull, duk da ba a yi a unguwarmu ba, sai da na yi kwanaki ina tsoron fita da hijabi, maigidan ne yake kai ni har ƙofar asibiti.

Haihuwar nan ita ta nuna min abin da fam ba ya saya. Haihuwata biyu a Kano gida na koma wankan jego, kwana arba'in ba na ɗaga ko tsinke, ga ruwan zafi da ganyen darbejiya safe da yamma, ga kunun kanwa, ga farfesun kaza da gasasshen nama, 'yan barka suna shiga suna fita. A nan mun nema wa Hajiya biza ba a ba ta ba. Kwana huɗu da tiyata ina tsaye a kicin ina dama kunu da hannu ɗaya ɗayan yana riƙe da ciki, ranar suna mu bakwai ne a falo har da jaririyar, ragon a Kano aka yanka aka turo mana hotonsa. Wata maƙwabciyata 'yar Pakistan, Allah Ya saka mata da alheri, ita ta dinga kawo min miyar kaza da gurasa har sati biyu. Da hutun ya ƙare na tambayi kuɗin gidan raino aka ce min wajen fam 60 a rana, rana ɗaya fa, in na kai ta kullum kuɗin ya fi hayarmu, ga shi a jikin bizarmu an rubuta ba mu da haƙƙin tallafin gwamnati, kuɗin yara da 'yan ƙasa suke karɓa mu ba ma samu duk da harajin da ake cire mana iri ɗaya ne. Aikin da Hajiya take min kyauta har da ƙarin koko, a nan farashinsa ya fi fam dubu a wata.

Ta fannin abinci da addini Bradford ta yi mana rana, shi yasa ma ban nemi canjin gari ba. Musulmi suna da yawa, yawanci 'yan asalin Pakistan, masallatai ko'ina, naman halal ba ka wahalar nema. Garin gero ma ina samu a shagunan Indiyawa in yi fura in dama da yogot, ba ta kai ta gida ba amma tana kashe ƙishi. Doya ɗaya a shagon 'yan Afirka sai ta kai fam biyar ko shida, sai ka juya ta ka juya ka ajiye. Kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yaji sai in wani zai taho a roƙe shi, kilishi kuwa ba a yarda a shigo da shi ba, wanda ya gwada ya sani. Islamiyya ta yamma biya ake yi duk wata kan kowane yaro, kuma malaman da salon karatunsu daban. Hausar yaran ita take ban tsoro, babbar tana ji tana mayarwa, na tsakiyan in ka yi masa Hausa sai ya amsa da Turancin Yorkshire wanda ni kaina sai na kasa kunne, in Hajiya ta kira sai dai ya yi ta murmushi yana cewa lafiya lau, lafiya lau, ko me ta tambaya.

Sai kuma 'yan gida da lissafinsu. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 aka kuma saki naira, fam ya haura naira 2,000 a 2024, ni da na zo yana ƙasa da dubu. Wannan ya sa a lokacin in na tura fam 100 ya zama sama da dubu 200, kusan ninki uku na mafi ƙarancin albashin dubu 70 da aka sa wa hannu a Yulin 2024, kuma gaskiya yana toshe ɓaraka, maganin hawan jinin Hajiya da kuɗin makarantar 'ya'yan yayana duk daga nan suke fita. Amma shi wanda yake karɓa gani yake fam 100 canjin aljihu ne, bai san tsayuwar kusan wuni guda ba ce a kan ƙafa ana juya tsofaffi ana canza musu ƙunzugu. Wayata in ta yi ƙara da sassafe gabana faɗuwa yake, ko rasuwa ko buƙata. In ka ce babu ace ka canza, ka shiga Turai ka manta da mutane. Ginin da muka fara a filin nan kuwa, simintin da na san shi a naira 2,500 lokacin ina Buraida ya je ya taɓa dubu 10, don haka duk tashin da fam ya yi kayan gini sun bi shi a guje, har yau ginin yana linta.

Mun je gida da rani a 2025, lokacin hutun makaranta, don in ka cire yaro ana cikin zango tara ake ci, fam 80 kowane yaro kan kowane mahaifi, su kuma kamfanonin jirgi sun san haka sai su tsuga kuɗi. Tikitinmu kaɗai ya ci abin da muka tara a shekara guda. Na sauka gidan ƙawata da muka fara aiki rana ɗaya, ita ba ta taɓa fita ba. Albashinta ya ƙaru amma shinkafa ta je ta doshi dubu 100 kafin ta ɗan sauko, fetur ya taɓa dubu, ta ajiye motarta tana hawa adaidaita, nama sai ranar Juma'a, ta ce min wallahi in da hanya gobe za ta bi ni. Ni kuma ina zaune ina kallonta, yarinya tana mata wanke-wanke, tela ya aiko da ɗinki, maƙwabciya ta miƙo kwanon ɗanwake ta katanga, yaranta sun dawo daga Islamiyya suna ta surutu da Hausa, da yamma ta saka mayafi muka tafi gidan biki muka dawo sha ɗaya ba ta duba agogo ko sau ɗaya ba. Ta yi ƙiba abinta, ni kuwa kowa ya ganni sai yace Turai ba ta karɓe ki ba ne? Kwana uku da zuwanmu kuma babbar ta fara tari, muka je wani asibitin kuɗi aka ce sai mun ajiye dubu 50 kafin a taɓa ta, nan take na tuna abin da ya fitar da ni.

In ƙanwata ta ciki ɗaya ce ta tambaye ni, kuma ba ta da yara ko ba ta yi aure ba, ce mata zan yi ta tafi Saudiyya ta yi 'yan shekaru ta tara abin da za ta tara ta dawo, don a hannu dai ban taɓa riƙe kuɗi kamar na Buraida ba. Mai yara ƙanana kuwa ba zan iya ce mata ta bar su ba, na san abin da na gani. Ingila kuma ta cire ran tara kuɗi a shekarun farko, ta kuma zauna da mijinta su yi maganar waye zai yi wanke-wanke tun kafin a sayi tikiti, don na ga auren da ya mutu a nan a kan abin da bai fi haka ba.

Mu yanzu abin da yake gabanmu takardar zaman dindindin ce. A ƙa'idar da muka shigo da ita shekara biyar ne, kenan ƙarshen 2027, kuma a 2025 kuɗinta ya kai fam 3,029 kowane mutum, mu huɗu ban da jaririyar ya haura 12,000, shi muke tarawa yanzu shi yasa ginin ya tsaya. A Mayun 2025 kuma gwamnati ta fito da shawarar mayar da shi shekara goma, tun daga lokacin duk wanda ka gani a wurin aiki maganar kenan. Maigidan yace shi in babbar ta isa shiga sakandare gida zai mayar da ita wajen Hajiya ta yi ko shekara uku ce ta san mutane ta san kanta, ni kuma nace na riga na taɓa barin yaro sau ɗaya ba zan sake ba, ga asmarta. Mun kai maganar gaban yayansa ta waya yace mu bari sai bayan sallah a sake zama. Shekara ɗaya ta rage mata a firamare.